Jinin da Kawu Bai Binne Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiyarsa, tare da fatan kina cikin ni'imar da muke roƙa miki bayan kowace salla, ina sanar da ke cewa gida lafiya. Su Yaya Asabe suna ɗakunansu lafiya, jikokinki sun ƙaru. Ƙanenki Kawu Ila yana nan da ransa, yana aski a ƙofar gida kamar yadda kika bar shi, sai dai yanzu yakan huta tsakanin kai da kai.

Dalilin wannan wasiƙa wata tambaya ce da ɗalibaina suke yi mini duk shekara idan muka iso darasin jini. Ina cikin bayani sai wani ya ɗaga hannu, wai Malam, wanda ya tashi daga ciwo ba mataccen jini ne a jikinsa ba? Bana wata yarinya ce 'yar Gayam, Hauwa'u, ta yi tambayar, ta kuma ƙara da cewa kakarta ce ta faɗa mata, don kada in yi saurin musu. Na yi dariya har na ajiye alli, domin muryarki na ji a bakinta. Mutane da yawa a garin nan haka suka ɗauka, cewa ciwo yana ɓata jini, jinin da ya ɓaci kuma sai a fitar da shi a binne. Ni ma da haka na tashi. Na yi mata alkawarin amsa a rubuce. Da na zauna zan rubuta sai na ga ke ya kamata in fara gaya wa, saboda akwai wani umarni naki da ba a cika a kaina ba, kuma ba ki san dalili ba. Yaran suna iya leƙowa ta bayan kafaɗata su karanta.

Ke 'yar gidan wanzamai ce daga Tabanni, kuma ba ki taɓa barin mu manta ba. Tun da muka yi wayo, duk wanda ya kwanta a cikinmu, zazzaɓi ne ko shawara, kina jinyarsa ba ki cewa komai. Ranar da kika ga ya share kwanon tuwo ya nemi ƙari, ranar za ki aika a kira miki Kawu. Maganarki kullum ɗaya ce: “Ciwo ya tafi, amma ya bar kayansa a jini. In ba a fitar masa da su ba, zai dawo ɗauka.”

Kawu yakan zo da hantsi da zabirarsa a kafaɗa. Kafin ya zauna sai ya zaga bayan rumbu ya haƙa ɗan rami. A zaunar da mutum a kan turmi a kife, ya kafa masa ƙaho a gadon baya, ya zuƙe iskar, ya toshe. Idan fata ta taso ya cire, ya yi 'yan tsaga, ya mayar. Ni ba askar nake tsoro ba kamar ƙarar tsotson nan a bayan kunnena. Ke kuwa kina tsugune a gabana, kin riƙe mini gwiwoyi, kina ba ni labarin wata akuyarku ta Tabanni da ta cinye hular mai unguwa. Har na girma ban ji ƙarshen labarin nan ba, domin daidai inda mai unguwa ya waiwayo ake cire ƙaho.

A sakaina ake juye jinin, a ajiye shi a inuwa. Ba a binnewa nan take. Sai ya kwanta, gudan ya dunƙule a ƙasa, wani ruwa fatsi-fatsi mai kama da man gyaɗa ya taso a kai. Shi kike jira. Ki kira mu mu gani, ki nuna da tsinke, ki ce, “Ga shi nan, ruwan ciwo. Da yana ina? Da yana jikinka.” Sannan Kawu ya kai rami ya rufe, ya danne da diddige don kada kaji su tona.

Ko a ciwonki na ƙarshe ba ki manta ba. Ina ɗakin lokacin da kika kama hannunsa kika ce, “Ila, ko bayan raina kada ka bar mini yaran nan da ruwan ciwo a jiki.” Ya ce ya ji. Ke kika goye shi bayan rasuwar mahaifiyarku, bai taɓa ce miki a'a ba, balle a wannan rana.

Ba ki ga shekarar korona ba, Inna. Cuta ce ta numfashi da ta zagaye duniya. Aka rufe makarantu, aka rufe kasuwanni, har sallar Juma'a aka dakatar. Mu da muka saba da rufewar hanya saboda mutanen daji, sai ga hanya a rufe saboda abin da ido ba ya gani. Da yawa a gari ba su ma yarda akwai ta ba, suka ce ciwon masu hawa jirgin sama ne.

Motocin abinci kaɗai aka bari suna wucewa, kin kuma san Garba na Kawu direban motar masara ne. Zaman gida ya ishe ni, ba aji ba yara, sai na riƙa bin sa Kaduna ina taya shi hira. Taubashin nawa yana nan yadda kika san shi. Tun da na shiga motar yake gaya wa kowa a tasha cewa ya yi sabon bawa mai digiri, in sauka in sa wa taya dutse. Ni kuma ina ce masa ubangidan da ba ya iya karanta allon hanya ai sai da jagora.

A wata tafiya muka kwanta ciwo a can, mu biyu. Zazzaɓi, tari, abinci ba ɗanɗano, ko ƙamshin tsire ba ma ji. Aka gwada mu, aka ce ita ce, aka kai mu inda ake killace masu cutar, gadona kusa da nasa. Allah Ya sa namu ya zo da sauƙi. Garba ya ce ya tabbatar ya warke ne ranar da ya sake jin warin takalmina. Aka sallame mu, muka dawo gida da farkon damina, muka ƙara wasu makonni a ɗaki kafin mu shiga mutane.

Kawu yana dai lura da kwanukanmu, kamar yadda kike yi. Ranar nan da hantsi ya shigo da zabira, ya zaga bayan tsohon rumbunki, ya haƙa rami biyu. Na san abin da littafi ya ce game da jini, shi nake koyarwa. Amma ban yi niyyar gardama ba. Na cire riga na zauna ina jira, don a wurina ƙahon nan hanya ce ta sake jin hannunki a gwiwata.

Garba ya ce ubangida ake fara yi wa, bawa ya jira. Aka yi masa, aka juye a sakaina. Da Kawu ya juyo kaina, ya kafa ƙahon ya zuƙa, sai tari ya sarƙe shi. Ya sake gwadawa, ƙahon ya faɗo ƙasa. Mutumin da tun kafin a haife ni yake kafa ƙaho da zuƙa ɗaya. Ya zauna a bakin turmin yana haki, ya ce, “Tanko, yau iskar ba ta isa ba. Mayar da rigarka, sai jibi.”

Kafin jibin ya kwanta, ashe korona ce. Ba mu san inda ya ɗauka ba. Mu mun daɗe da warkewa, shi kuwa mai aski ne, fuska da fuska yake da rabin gari, kuma kin san ba ya iya aski ba hira. Da abin ya yi tsanani muka kai shi asibitin gari, suka sa masa iskar oksijin, suka yi iya ƙoƙarinsu, sannan suka ce a wuce da shi babban asibiti a Kaduna.

A lokacin ba a shiga dajin nan da ke tsakaninmu da Kaduna sai da rakiyar jami'an tsaro. Motoci su taru a bakin gari, su jira, su tashi a ayari. Muka tsaya a rana, Kawu yana kwance a motar asibiti da tukunyar iska a gefensa. Ido ɗaya ina kallon allurar da ke nuna saura nawa a tukunyar, ido ɗaya ina kallon hanya. Da muka tashi, masara ta fara goyo a gonakin da aka samu nomawa, sauran gonakin kuwa ciyawa ce har bakin kwalta. Na bi hanyar nan sau ba adadi ina tsoron abin da zai fito daga daji. Ranar ban ko kalli dajin ba, ƙirjin Kawu nake kallo yana hawa yana sauka.

Muka isa da ransa. Aka shiga da shi inda ba a barin 'yan uwa, mu kuma muka zama 'yan baranda. Kwanaki suka wuce, labarin da ake fito mana da shi kullum ya fi na jiya nauyi. Sai wata likita, da ƙyar in ta kai ni shekaru, ta fito ta same mu. Ta ji cewa mu biyun mun yi cutar, an gwada an tabbatar, mun kuma warke. Ta ce akwai wani abu da suke gwadawa, in mun yarda.

Bari in yi miki bayaninsa yadda nake yi wa yara, don na san da kina nan sai kin ce in yi miki dalla-dalla. Jini ba abu ɗaya ba ne. Akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina a jiki, akwai kuma ruwan da suke iyo a cikinsa. Idan cuta ta shiga, jiki yakan ƙera wasu 'yan mitsi-mitsin masu gadi waɗanda suka san kamannin wannan cutar ita kaɗai, su kama ta su riƙe. Bayan an warke ba sa watsewa nan da nan. Suna nan cikin ruwan jinin suna sintiri, ko za ta dawo. Kamar ƙauyen da aka taɓa shiga ne. Samarinsa sun san ta inda ake ɓullowa, sun san ƙarar baburan tun daga nesa. Ƙauyen da ba a taɓa shiga ba kuwa sai abu ya iso sannan yake fara neman inda ya ajiye fitila. Abin da likitocin suke gwadawa shi ne aron masu gadi. A ɗebi ruwan jinin wanda ya warke, a ƙara wa wanda jikinsa bai gama shiri ba, ko za su riƙe masa ƙofa kafin nasa su taso.

Kin ga ashe kin yi gaskiya, ciwo yana barin wani abu a jini. Sai dai ba kayansa ba ne, Inna. Kayanmu ne, mu muka ƙera su.

Likitar ba ta yi mana daɗin baki ba. Ta ce, “Ba zan yi muku alkawari ba. Gwaji ne. Wasu kamar ya yi musu, wasu bai yi ba. Amma dabarun da suka rage mana ba su da yawa.”

Kafin ta rufe baki Garba ya miƙe. A hanyarmu ta zuwa ɗakin ɗibar jini har ya samu ƙarfin tsokanata, karo na farko tun da muka baro gida. “Kai koma baranda ka zauna, bawa. Naka gurɓatacce ne, ba a tace ba. Nawa kuwa Baba da hannunsa ya wanke shi tas.” Kuma har zuciyarsa haka ya ɗauka. Na bar shi, don na ji daɗin ganin haƙoransa a waje.

Mai ɗibar jinin wata nas ce dattijuwa, 'yar Gbagyi, Hausarta kamar ta mutanen unguwarmu. Ta zaunar da Garba tana yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan ko an yi masa tsaga ko ƙaho kwanan nan, bai bari ta ƙarasa ba. Ya juya, ya yaye rigarsa har wuya, ya ce, “Ga shaida ma, Mama. Sabon ƙaho ne, ko ɓawon bai gama faɗuwa ba.” Yana faɗa yana kallona ta gefen ido.

Ta daɗe tana duban bayan nasa. Sannan ta sa hannu ta sauke masa rigar da kanta, yadda ake yi wa ƙaramin yaro, ta ce, “Ɗana, ba zan iya ɗaukar naka ba.”

Ta yi masa bayani a hankali. Duk wanda aka tsaga wa fata a wajen asibiti sai ya jira watanni kafin a karɓi jininsa, domin akwai cututtukan da kan shiga ta bakin aska, su ɓuya, gwaji bai ganinsu da wuri. Garba ya ce babansa sabuwar reza yake ɓare wa kowane mutum, a gabanka zai karya ta ya jefa rami. Ta ce ta yarda, ita ma mahaifinta har ya rasu ƙaho yake yi duk shekara. Amma mai numfashi da ƙyar ba a rataya masa jinin da ake da ko ɗigon shakka a kansa.

Garba ya ce, “Mama, ubana ne fa. Shi ya yi mini da hannunsa don in samu lafiya.” Ta ce ta sani.

Garba ya miƙe. Ya fita, ya zauna a gindin wata bishiyar dogon yaro da ke harabar, ya haɗa kai da gwiwa. Ban bi shi ba. Ban san me zan ce wa mutumin da kulawar ubansa ce ta hana shi taimakon ubansa ba.

Nas ɗin ta dube ni, ta ce kai fa? Na juya mata baya na ɗaga riga. Babu sabuwar tsaga ko ɗaya, sai tsofaffin tabon zamaninki da suka kusa shafewa. Tarin da ya sarƙe Kawu ranar nan shi ya bar mini jinina a jiki. Aka gwada, rukunin jininmu ya dace, babu wata cuta a ciki. Ta ce in kwanta.

Babu zafi kamar yadda mutane suke tsammani, bai ko kai tsotson ƙaho ba. Na kwanta ina matsa wata 'yar ƙwallon roba a tafin hannu, ledar jinin tana cika a hankali. Babu mai riƙe mini gwiwa. Sai na fara ba kaina labarin akuyar Tabanni a zuci, da muryarki, da yadda kike kwaikwayon taunarta. Wallahi ina kaiwa inda mai unguwa ya waiwayo, nas ta zare allura.

Suna da wata na'ura mai juya ledar da gudu har jinin ya rabu biyu, kusan yadda 'yan Fulanin da ke kawo miki nono suke kaɗa shi mai ya ware. Na roƙi alfarma a nuna mini idan an gama, na ce ni malamin makaranta ne, shekaru ina zana abin nan a allo ban taɓa ganinsa a leda ba. Da aka gama nas ɗin ta ɗago mini shi a hasken taga.

Fatsi-fatsi, kamar man gyaɗa.

Inna, ruwan ciwonki ne. Shi ne dai, ko ɗan uwansa na kusa, wanda yake tasowa a sakaina kina nuna mana da tsinke. Na san haka a littafi tun ina ɗalibi, amma sanin littafi bai shirya ni ganinsa ba. Na tsaya ina kallo, dariya tana zuwa mini, hawaye yana zuwa. Nas ta ɗauka jiri ne, ta ce in zauna.

Da na fito Garba yana bakin ƙofa da kwalbar lemo a hannu. Ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba, ya ce, “Sha, kada ka faɗi a ce na kashe bawa da aiki.” Daga baya aka bar mu muka leƙa ta wata taga. Kawu yana can ciki, ya rame, an rufe masa fuska da abin shaƙar iska, ledar nan tana rataye a samansa tana ɗiga. Garba ya kafa goshi a gilashin ya daɗe. Can ya ce, “Wato yanzu jinin ɗan mace ne yake shiga jikin Baba. Allah Ya sa kada ya tashi yana yi wa mutane darasi.”

Bai tashi washegari ba, kada in yi miki ƙarin gishiri. An ɗauki kwanaki ba gaba ba baya. Sannan aka ce an ɗan rage masa iska. Sannan aka ce ya sha kunu. Ranar da likitar ta fito tana dariya ta ce tsohon ya dubi wani ma'aikaci ya ce wa ya yi maka wannan mugun askin, ranar muka san Kawu ya dawo.

Akwai abin da dole in gaya miki, don shi nake gaya wa yara, kuma ba na son su ji rabin magana daga bakina. Ban san ko ruwan jinina ne ya tashe shi ba. An ba shi iska, an ba shi wasu magunguna, an yi masa addu'a daga nan har Tabanni, kuma kwanansa bai ƙare ba. Daga baya, da aka tara sakamakon gwaji daga ƙasashe da yawa, masana suka ce ga wanda ciwon ya riga ya yi nisa irin na Kawu, ruwan jinin bai cika canja komai ba. In zai yi amfani sai an ba da shi da wuri, ko ga wanda garkuwar jikinsa take da rauni. Likitoci da yawa suka bar yin sa, allurar rigakafi kuma ta zo. Wannan bai ɓata mini rai ba. Haka ilimi yake tafiya, a gwada, a duba da gaskiya, a gyara. Likitar nan ta yi aiki da abin da aka sani a ranar. Ke ma da abin da idonki ya gani a sakaina kika yi aiki, kuma ba ki taɓa barin ɗayanmu ya zauna a kan turmin nan shi kaɗai ba.

Ba mu gaya wa Kawu abin da aka ƙara masa ba sai da muka dawo gida ya yi ƙwari. Garba ne ya faɗa, a zaure, muna cin dafaffiyar masara. Ya faɗi har da yadda ya yaye riga yana alfahari, ya mayar da abin na dariya, ko da yake na san inda yake masa ciwo. Kawu bai yi dariya ba. Ya ajiye masarar, ya tambaye ni wane launi ne. Na ce irin wanda yake tasowa a sakaina. Can ya ce, “Ikon Allah. Ni na haƙa masa rami, ashe ni ne ramin.”

Da na kawo masa zancen masana da abin da suka gano daga baya, ya kaɗa hannu ya ce mu je can mu ƙarata da littattafanmu, shi dai ya san ya tafi ba iska ya dawo da iska.

Bai bar ƙaho ba, kada ki damu. Masu ciwon baya da masu nauyin kafaɗa suna nan suna zuwa. Amma ya ƙara abu ɗaya a aikinsa wanda babu shi a zamanin kakanninku. Kafin ya buɗe zabira sai ya tambayi mutum, “Akwai mai jiran jininka?” In matarka ta kusa haihuwa, ko kana da ɗa mai sikila, ko kai saurayi ne lafiyayye da ka zo don kawai an saba, sai ya ce, “Je asibiti ka fara ba su. In sun gama da kai ka dawo, ƙahona ba ya gudu.” Garba kuwa watanninsa suna cika ya je ya bayar, aka ƙara wa wata mata da aka kawo daga wajen Dogon Dawa tana zubar da jini bayan haihuwa. Har yau bai bar ni na huta ba, wai nasa tabbas ya yi aiki, nawa kuwa masana suna shakka.

Saura maganar umarninki, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ta daɗe tana damuna, na kuma san tana damun Kawu, don duk lokacin da ya zaga bayan rumbu sai in ga ya tsaya. Ranar nan yana yi mini aski na ce, Kawu, jibin nan fa har yau ba ta zo ba, ga shi kuma Inna ta bar maka amana. Ya ci gaba da askinsa kamar bai ji ba. Sai da ya gama, ya karkaɗe mini wuya, ya ce, “Yayata cewa ta yi kada in bar ka da shi a jiki. To, an fitar. Ba ta ce lallai sai a rami ba.”

Shi ke nan abin da nake son ki sani. Ba a yi mini ƙahon ba, kuma ba za a yi ba, don yanzu ina bayarwa a kai a kai, ba na son a mayar da ni daga bakin ƙofa. Ramin da ya haƙa mini yana nan bayan rumbunki, ba wanda ya rufe shi. Kaji sun mayar da shi wurin birgima. Ina ganin da kina nan da kin yi faɗa kwana biyu, sannan ki ce in kai ki ki ga ledar da idonki, ki nemi tsinke.

Yanzu ki ba ni izini in ɗan waiwaya ga masu leƙen nan. Hauwa'u, ga amsarki, ki kai wa kakarki tare da gaisuwata, ki ce mata ta yi rabin gaskiya kamar tawa uwar. Korona ta lafa, amma gadajen asibitinmu ba su huta ba. Akwai masu haihuwa, akwai yara masu sikila, akwai waɗanda ake kawowa daga daji da rauni, kuma ba a ƙera jini a kanti. Duk wanda ya kai shekara goma sha takwas a cikinku, da ku tsofaffin ɗalibaina da kuke gari, wanda yake da lafiya kuma ba a yi masa tsaga kwanan nan ba, ya ci abinci ya ƙoshi ranar Asabar ya same ni a ƙofar asibiti da hantsi. Kada ku tsaya a kan abin da na gaya muku, ku zo ku gwada da hannunku, ku roƙi a nuna muku ledar a hasken taga. Wanda yake jin tsoron allura zan tsuguna in riƙe masa gwiwa. Ina da labarin wata akuya, ko da yake ban san ƙarshensa ba.

Inna, Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata miki shi. Yadda kika riƙe mu a lokacin tsoro, Allah Ya riƙe ki a ranar da babu mai riƙe wani. Ya ƙara wa ƙanenki numfashi da lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kwantar mana da dajin nan mu koma gonakinmu. Ya haɗa mu da ke a Aljanna, in zauna a gabanki ba ƙaho ba aska, ki ƙarasa mini abin da mai unguwa ya yi. Amin.

Ɗanki mai kewarki kullum,
Tanko